Matar da Ta Ƙi Faɗin Sunan Mijinta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwar Tambuwal, shekara biyu bayan samun 'yancin kai. Ina malamin asibiti, ban daɗe da dawowa daga kwas a Kaduna ba, kaina ya kumbura kamar an hura salka. Can wani likita ya koya mana cewa bincike ya nuna ana gane ruɗewar hankali da tambayoyi masu sauƙi: sunan miji, sunan 'ya'ya, da yawansu. Na haddace su kamar Fatiha.

Sai ga wani dattijo makiyayi daga Kebbe da matarsa bisa jaki. Ta daina barci, ba ta cin abin kirki. Na gyara zama (har da biro a kunne, don a san an je Kaduna).

"Inna, mi as sunan mijinki?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, ɗanki na fari fa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Na tambayi yawan 'ya'yanta, ta ce, "Suna nan, alhamdu lillahi."

Shi ke nan, na ga ciwo ƙiri-ƙiri! Gaban cincirindon masu jiran allura na ɗaga murya na ce matar nan ta manta iyalinta, gobe motar Sakkwato za ta shiga. A zamanin nan kuwa wanda aka kai can don taɓin hankali, sarƙa ce rabonsa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kai na nawa na wurin innarka?"

"Na fari."

"Mi taka kiranka?"

Nan take na tuna. Tunda aka haife ni, "kai, yaro" nake ji daga bakinta. Wata tsohuwa a layi ta ce, "A haɗa ta da innarsa mota guda!" Aka tuntsire da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe ɗan farin matar ne ya shiga soja, ba labari, kuma alkunya ta hana ta ko tambaya. Da na daina neman suna, na ce mata "wancan yaron", sai ga hawaye, sai ga magana. Jakinta ta hau ta koma gida.

Binciken bai yi ƙarya ba, a garin da ake faɗin sunan miji aka yi shi. Yanzu in an kawo mini sabon ilimi, kan innata nake fara gwadawa a zuci. In ta faɗi jarrabawar, na san ba ita ce marar lafiyar ba.