Hannun Pa Ndifon a Jikin Ƙyaure

"…to gaisuwar ma sai na roƙa? Amarya, mijinki ya dawo daga Kumbo, ko ruwa babu?"

Keming ke nan, kafinta, jikan maƙwabciyata Ma Odiliya, yana sauke jakarsa daga kan babur. Mako biyu ya yi a can yana haɗa wa wani coci kujeru. Ni kuwa ina zaune a bakin ɗakin tsohuwar da tuwon masara da miyar ganye a cinyata, kwano na uku ke nan da na kawo cikin kwana uku, ko loma ba ta taɓa ba. Duk unguwarmu a nan Oku an san waɗannan biyun, in suka haɗu sai mai wucewa ya ɗauka faɗa ake yi. Amma ran nan muryarta ta yi ƙasa, kuma gaskiya ni kaina a tsorace nake.

Ta ce, "Wane miji? Mai ƙafafu kamar kara? Mijina na gaskiya ya aiko. Kai je ka nemi wata."

"Wa ya aiko? Wanda muka binne shekara biyu? Da wace waya?"

"Yi ta dariya, mara kunya. Tukunyar wake ta Rufina ce, ga ta nan zaune, ta ji. Amya biyu na bakin daji naka ne, ko da yake na san ƙudan zumar za su gudu in sun ga fuskarka."

"Rabon gado kike yi? Ke da kika cinye dankalin gona guda a bikin Ista? Mutuwa ma in ta zo sai ta sake shawara, ba ta da abin ɗaukar ki."

Ya faɗa yana dariya, amma idonsa na kan kwanon da ke hannuna. Ya dube ni, na girgiza masa kai. Nan take dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Kaka, me ya faru?"

"Je ka bayan ɗaki ka duba ƙyauren da ka yi mini."

Wannan ƙyaure yana da labari. Shekarar da Pa Ndifon ya auri Ma Odiliya ya dasa icen ceri a bayan gidansu, irin na dutsenmu, wanda muke dafa ɓawonsa in zazzaɓi ya kama mutum. Daminar da ta biyo bayan rasuwarsa iska ta kayar da icen. Keming ya yanka shi katako, ya jera a saman ɗakin girki fiye da shekara har ya bushe, sannan ya yi wa kakarsa ƙyaure, don gara ta cinye tsohon, tabarma ce kawai a ƙofarta. Katakon ceri in an goge shi sabo fari-fari yake, sai rana ta dake shi yake yin ja. Shi ya sa kafin ya tafi ya kwantar da ƙyauren a kan kututture biyu a sarari, ya danne shi da dutse.

Ya nufi bayan ɗakin. Tsohuwar ta dogara sandarta ta bi shi, ni ma na bi su, ba don ina so ba. Tun ranar da na ga abin ban ƙara bi ta wajen ba, ta gonar wake nake zagayawa.

Ƙyauren ya yi ja, ja mai kyau. A tsakiyarsa kuwa, daidai inda mutum zai dafa in zai tura ƙofa, ga tafin hannu nan fari tas. Hannun hagu ne, yatsu huɗu, babu na tsakiya. Yaro da babba a garin nan sun san Pa Ndifon ne gizago ya cire wa wannan yatsan.

"Wayyo Yesu!" in ji Keming. Ya ja da baya har ya taka mini ƙafa.

Ma Odiliya ta ce, "A'a, ina za ka? Ba kai ne mijin ba? Tsaya ku gaisa mana."

"Kaka, wa ya zana wannan?"

"Ni na zana, da farcen ƙafata. Shafa ka ji."

"Ke ki shafa, ke ya sani."

"Na shafa. Na wanke da toka, na wanke da sabulu, Rufina ta kawo ruwa mai tsarki daga coci mun yayyafa. A cikin katakon yake."

Keming ya miƙa hannu, ya janye. Ya sake miƙawa, ya sake janyewa, sai ya sa shi a aljihu. Gumi ne a goshinsa, alhali sanyin safiya bai gama sakin mu ba.

Ya ce, "Ƙila ni yake nema. Ni na sa wa icensa zarto."

"Kai? Me zai yi da kai? Yana raye ma ko ƙusa bai yarda ka miƙo masa ba. Ni yake nema. Na ce maka kafin a taɓa icen nan a zuba masa bammi a kabari, a gaya masa. Ka ce me?"

"Na ce ai iska ta riga ta gaya masa."

"To ga amsa ka gani. Ni ce babba, ni na yi shiru. Shekara biyu ba mu yi masa bikin makoki ba, kayansa na kulle a akwati, icensa mun yanka ba sallama. Ya gaji, ya zo ya dafa ƙofa. Ran da ka kafa ƙyauren nan zai turo ya shigo."

"To ba zan kafa ba. Mu ƙone shi."

"Ka ƙone hannun kakanka? Rufina, kin ji irin mijin da aka bar mini?"

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba hannun ba ne, ita ce. Na ga tsofaffi biyu a unguwar nan da suka ce an kira su, suka juya wa tuwo baya, kuma ba wanda ya kai wata guda a cikinsu. Ma Odiliya ta riga ta kama wannan hanyar, zanenta ma har ya fara yi mata yawa.

Keming ya ce, "To bari in kife shi, ko idona ya huta."

Ta ce, "Kife shi. In ya kama ka, ka gaishe shi."

Ya zagaya ta can nesa da hannun, ya ɗaga dutsen da ya danne ƙyauren. Sai ya tsaya da dutsen a hannu kamar an dasa shi. A inda dutsen ya zauna ma katakon fari ne tas, daidai girman gindin dutsen. Ya dubi wurin, ya dubi hannun. Na ga tsoron ya bar fuskarsa, wani tsoron daban ya shigo.

Tsohuwar ta leƙa ta ce, "Ikon Allah! Har da dutse ya zo?"

"Kaka… ceri haka yake. Duk inda rana ta taɓa ya yi ja. Inda aka ɗora wani abu ya tare ranar, sai ya zauna fari."

"Kana nufin kakanka ya kwana goma sha huɗu a nan yana dafe da ƙofa? Ashe ya fi ka haƙuri."

"Ba hannu ba ne."

"To mene ne? Ƙafar kaza?"

Ya ajiye dutsen a hankali. Ya matsa ya koma bayana, ƙato da shi, yana leƙo ta ta saman kafaɗata.

"Ma Rufina, ki riƙe mata sandar nan tukuna."

Na ce, "Ni ba ruwana. Faɗi abin da ke bakinka, matar nan kwana uku ba ta ci ba."

Ya ce, "Safar hannunsa ce. Ta fata, ta hagu, wadda kika yanke wa yatsa kika ɗinke bakin."

"Tana cikin akwati."

"Ba ta ciki."

A wurinmu kayan mamaci ba a taɓa su sai an yi bikin makoki, dangi sun taru, an buɗe akwati a gaban kowa. Wanda ya riga ya sa hannu, kaza da tulun bammi ne a kansa, ban da surutun dangi da ba ya ƙarewa. Makullin akwatin Pa Ndifon kuwa a wuyan Ma Odiliya yake kwana.

Ta ce, "Makulli na nan."

"Ni na yi akwatin, Kaka. Ƙusa huɗu ce a bayansa."

"Ɓarawo! Ɓarawon gawa!"

"Aro na yi!"

"Wurin wa? Ya amsa maka?"

"Icensa ne. Da na zo goge shi sai na ji ba zan iya ni kaɗai ba. Na ce bari in sa safarsa, ya zama kamar tare muka yi. Da na gama na ajiye ta a kai, mai babur ya yi ta danna mini ƙaho, na tafi na manta."

Ya faɗi wannan ba wasa a muryarsa, har na ji tausayinsa. Ita kam ba ta nuna ta ji ba.

"Ƙarya kake. So kake in ci tuwo. In safa ce, tana ina? Ran da na zo nan ba komai a kai sai hannu."

"Wallahi a nan na bar ta."

"To ya zo ya ɗauki abarsa ke nan. Ka ga magana ta dawo inda take."

Tsoron farko ya dawo wa Keming sabo. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mini a rai. Ranar kasuwa da ta wuce na ga karen gidan, Komanda, ya shige ƙarƙashin rumbun masara da wani baƙin abu a baki. Na ɗauka mushen ɓera ne, har na jefe shi da dutse.

Na faɗa musu. Keming bai jira na rufe baki ba, ya kwanta rub da ciki ya shige ƙarƙashin rumbun, ƙafafunsa kawai muke gani, karen na yi masa gurnani.

Ma Odiliya ta ɗaga murya ta ce, "Komanda, cije shi! Ɗan uwanka ne a sata!"

Ya fito da yanar gizo a ka, da safar a hannu. Ta sha tauna a wuyanta, amma yatsun na nan. Ya ɗora ta a kan farin hannun, ta zauna daidai, ko gefe bai leƙo ba. Ya ɗaga, ya mayar, ya sake ɗagawa.

Tsohuwar ta karɓe ta. Ta juya ta, ta kai babban yatsanta kan ɗinkin da ta yi da hannunta shekaru talatin da suka wuce. Ta daɗe a haka. Sannan ta zauna a kan kututturen, kafaɗunta suka fara rawa. Na matso da sauri, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, da hawayenta da komai.

"Kwana uku! Kwana uku ina ban kwana da duniya saboda kare da jaki!"

Keming ya ce, "Wane ne jakin?"

"Wanda ya tambaya. Rufina, ina tuwon nan? Kuma kyautar tukunyar wake na fasa."

Na ruga na ɗauko kwanon, ƙafata har tana harɗewa don murna. Da na dawo na tarar yana lallashin ta.

"Kazar zan kawo, bammin ma zan kawo, mu zuba masa yau ɗin nan. Ƙyauren kuma ki ba ni zuwa yamma, in kankare wurin, in mayar da shi rana. Ko ban taɓa ba ma, wata biyu a rana zai yi ja ya ɓace."

Ta tsaya da lomar a hannu. "Zai ɓace?"

"Kamar ba a yi ba."

"In rana ba ta gan shi ba fa?"

"Zai daɗe. A ɗakinki mai duhun nan zai yi shekaru."

Ta kai lomar baki, ta tauna a hankali tana kallon hannun. Sannan ta jefa masa safar a ƙirji.

"Riƙe, ɓarawo. Ran buɗe akwati ni zan ce na ba ka. Ƙyauren kuma yau za ka kafa shi, kada ka kuskura ka kankare komai. Ka juya hannun ya kalli cikin ɗaki."

"Ciki? Ke da kika ce zai turo ya shigo?"

"Daga waje ne ake turowa, sakarai. Wanda ke ciki ai yana gida."

Keming ya sunkuya yana kaɗe ƙasar gwiwarsa fiye da yadda take buƙata. Can ya ɗago ya ce, "To ni fa, amarya? A ina zan kwana?"

Ta ce, "Ƙarƙashin rumbu. Ka riga ka san hanya." Ta miƙo mini kwanon in ƙaro mata miya.