Sarƙa Mai Jan Kai

A wani daji da ke bayan duwatsu, can inda ƙorama ta rabu biyu, dabbobi suna da kasuwa a gindin wata tsohuwar tsamiya. Duk shekara kasuwar tana ci ne a kasalance, sai Sallah ta ƙarato take farkawa. A lokacin ne matan daji ke tunawa suna da wuya da kunnuwa, 'yan layin kayan ado kuma su samu abin sawa a baki har faɗuwar damina.

A ƙarshen layin nan akwai rumfar wata beguwa mai suna Tasalla. Rumfar dai sanduna ce da zana, amma a cikinta uwar Tasalla ta zauna har ta tsufa, a cikinta kuma ta koya wa 'yarta sana'a. Sarƙar wuya da warwaro Tasalla take yi da ƙayar jikinta. Dangin beguwa suna da ƙa'idar da suka gada kaka da kakanni: ba a aiki sai da ƙayar da ta faɗi don kanta. Beguwa za ta yi ta tsintar abin da jikinta ya zubar daga wannan Sallah zuwa waccan, ta wanke, ta shanya, ta yanka guntu-guntu, ta zura a zaren rama, fari na bin baƙi. Wadda ke tsaye a gadon baya kuwa ba a taɓa ta, don albarkacinta ne har yau ake da sauran beguwa a dajin. Saboda haka kayan Tasalla ba su da yawa, kuma ba ta taɓa jin kunyar haka ba.

Da watan Sallah ya kusa, Sarkin Kasuwa, wani gwanki mai dogon ƙaho da yawan gyaran murya, ya tara majalisa. Ya ce ciniki ya ja baya, kasuwar tsallaken ƙorama tana janye musu masu saye, don haka ya ɗauko musu masani. Masanin shi ne Malam Hankaka, wanda ya shekara da shekaru yana zama a kan rufin kasuwannin bil'adama. Bai taɓa sayar da ko tsinke ba, amma ya ga ana sayarwa daga sama, wannan kuwa ya wadatar da majalisa.

Hankaka ya gyara farar rigarsa ya ce, "Ranka ya daɗe. Jama'ar kasuwa, na zaga layinku, na ga aiki mai kyau, na kuma ga masu aikin sun yi tagumi suna jiran Allah ya kawo mai saye. Wannan zamanin ya wuce. Mai saye jawo shi ake yi. Kowace rumfa ta cika maƙil, don ido ba ya tsayawa a kan faifan da ake ganin gindinsa. Kowa ya fito da sabon yayi, abin da ba a gani bara ba. Duk abin da mai saye ya nema, amsarsa 'to'; kalmar 'babu' mun kore ta daga kasuwar nan sai bayan Sallah. Manyan masu saye kuwa ba a barinsu su sha rana, har gida ake kai musu. Wanda ya bi wannan zai ga canji. Wanda ya ƙi, ai masu neman rumfa suna nan a waje sun yi layi."

Sarkin Kasuwa ya ɗora da cewa rumfar da ta zo ƙarshe a cinikin bana za a karɓe ta a ba mai himma. Sannan ya gabatar da Damisa, wadda ta ɗauki nauyin maroƙa da 'yan talla don kishin kasuwa, aka naɗa ta uwar ɗakin 'yan kayan ado. Aka yi tafi, har da waɗanda suka rasa 'yan'uwa a kusa da gidanta.

Tasalla ta koma rumfa ta zuba wa faifanta ido. Ba sai an gaya mata wa zai zo ƙarshe ba. Maƙwabciyarta Inna Dudu, wata dattijuwar zabuwa mai zura idon zakara da ƙwallon tsamiya, tana iya cika faifai goma in ta so, don itatuwa ba sa ƙarewa. Ita kuwa abin da shekara ta ba ta ke nan. Tsoro ya kama ta, irin tsoron da ba a gaya wa kowa.

Ba da niyya ta fara ba. Wata barewa ce ta zo ta gwada sarƙa, sarƙar ta gaza da kaɗan, ta ce a ƙara mata. Ƙayar da aka tsinta ta ƙare. Tasalla ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta hango birai, dogaran kasuwa, suna shawagi a bakin layi suna kasa kunne. Ta ce, "To, ɗan dakata." Ta zaga bayan zana, ta kama ƙaya ɗaya ta gefen ciki da haƙori, ta rufe ido ta fizge. Zafin ya ratsa ta har ƙwalwa. Da ta duba sai ta ga tushen ƙayar ya yi ja jawur, yana sheƙi, ba kamar busasshiyar da ta saba aiki da ita ba. Ta yanka ta zura a tsakiyar sarƙar, ta fito tana murmushin dole.

Barewa ta yi tsalle don murna. Kafin ta fita layi Hankaka ya gani, ya tashi sama yana shela: "Sabon yayi! Sarƙa mai jan kai, a rumfar Tasalla kaɗai! Wadda ba ta sa mai jan kai ba bana, ba ta yi Sallah ba!" Kafin la'asar maroƙa sun sa abin a waƙa.

Daga ranar nan rumfar ba ta sake zama ba kowa ba. Wanda duk ya zo, mai jan kai yake nema. Busasshiyar ƙaya ta zama kayan 'yan ƙauye. Tasalla takan ce wa kanta ai za su sake tsirowa. Gaskiya ne suna tsirowa, amma a hankali, kasuwa kuwa ba ta san a hankali ba. Ta gama da gefen dama ta koma hagu. Da wurin da take cirar ƙayar ya fara bayyana, Hankaka ya aiko mata da kyautar mayafi, ya ce mai sayar da kayan ado ya kamata a gan ta fes. Mutumin kirki ne Hankaka, ya san abin da bai kamata mai saye ya gani ba.

Inna Dudu dai ta gani, don zana ɗaya ce tsakaninsu, kuma tana jin nishin da ake yi a bayanta. Ta kasa daurewa, ta tafi majalisa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya magana ba. Yarinyar nan jikinta take cira tana sayarwa. Jan da kuke yabo jininta ne. Na zauna da uwarta, na san beguwa ba ƙaya ba komai ba ce. Ku ce mata rumfarta tata ce, ko ta sayar ko ba ta sayar ba, wallahi yau za ta daina."

Sarkin Kasuwa ya yi gyaran murya mai tsawo. Ya ce, "Inna, mun ji, kuma mun gode. Lafiyar 'yan kasuwa ita ce gaba da komai a wurin wannan majalisa. Za mu kafa kwamiti ya duba lamarin ciki da waje. Sai dai kin san yanzu kowa hannunsa a cike yake, don haka kwamitin zai zauna da zarar an gama hidimar Sallah." Aka yaba wa Sarki bisa wannan hangen nesa, Inna Dudu ta dawo tana jan ƙafa.

Ranar jajibere kasuwa ta cika ta batse. Ana cikin haka layi ya dare biyu, Damisa ta shigo, Sarkin Kasuwa a damanta, Hankaka a hagunta. A da ko hanya ta haɗa su, Damisa takan ratse nesa da Tasalla, don tana da tabo a hanci da wata beguwa ta bar mata tun tana budurwa. Yau kuwa ta matso har numfashinta yana kaɗa mayafin.

Ta juya kayan faifan da farce ɗaya, ta ce cikin taushin murya, "Sannu da aiki, 'yar'uwa. Hannunki akwai albarka. Amma waɗannan gajeru ne, na yara. Ni irin dogayen nan nake so, na tsakiyar baya, a yi mini sarƙa da su duka. Gobe da hantsi ki kawo mini gida da kanki, don in ta yi mini yawa ki rage."

Dogayen nan su kaɗai suka rage wa Tasalla. Ta ce, "Ranki ya daɗe, sai dai..." Hankaka ya yi tari. Birai suka matso. Sarkin Kasuwa ya sunkuyo ya ce, "Tasalla, uwar ɗakinmu ce fa. In kika fitar da mu kunya, rumfar nan taki ce har abada, ba mai sake ɗaga maganarta. In kuwa ta fita daga layin nan ranta a ɓace, ni ma ba zan iya tare miki majalisa ba."

Tasalla ta dubi sandar da uwarta take jingina da ita, wadda ta yi sumul saboda daɗewa. Ta ce, "To."

Da kasuwa ta fara watsewa, Inna Dudu ta shigo ta zauna kusa da ita. "'Yar nan, bar musu rumfar. Zo ki raɓa a tawa, faifai biyu ai ba sa faɗa."

"Inna, in na bar ta gobe wani zai zuba daddawa a inda uwata ta zauna. Ba ta bar mini komai ba sai nan. In ina cikinta ji nake kamar ta zaga baya ne za ta dawo."

"Uwarki ƙaya ta bar miki, ba zana ba."

Hawaye suka bi fuskar Tasalla. Can ta ce, "Na riga na ce to a gaban jama'a. Inna, bakina ba ya kaiwa tsakiyar baya. Ki taimake ni."

Inna Dudu ta rantse ba da ita ba, ta fice. Sai ta ji ƙara a bayan rumfa. Ta leƙa ta ga Tasalla ta cusa ƙayoyin a tsagar jikin tsamiya tana fizgar kanta, fata na yagewa. Tsohuwar ta kasa jure gani. Sannan ta zo ta ce, "Kwanta." Ta riƙa kama su da baki tana cirewa a hankali, tana kuka, tana neman gafarar marigayiya ƙawarta, har ta cire ta ƙarshe. Ba a taɓa yin sarƙa mai kyan wannan ba a dajin, kuma su biyun ba wadda ta iya kallonta.

Da safiyar Sallah Tasalla ta share rumfa, ta yayyafa ruwa, ta naɗe sarƙar a ganye. Ta yafa mayafi ta kama hanya. Ganguna na tashi ta ko'ina, barewa da gada da zomaye suna wucewa da jan kai a wuyansu, suna yi mata barka da Sallah. Tun da aka haife ta, in tana tafiya takan ji kacau-kacau na ƙaya a bayanta. Yau ba ta jin komai sai takunta, iska kuma tana shiga ta ƙarƙashin mayafin tana taɓa inda ba ta taɓa taɓawa ba. Ta san inda za ta, ta kuma san ba ko ƙaya ɗaya a jikinta. Ta tsaya a mararraba ta daɗe, ta tuna rumfar, ta wuce.

A ƙofar kogo ta yi sallama. Muryar Damisa ta amsa daga can ciki, cike da fara'a. "Maraba, maraba! Shigo daga ciki mana. Ajiye mayafin nan ki sha iska, ai ke 'yar gida ce."

Mayafin aka tsinta washegari, a ninke tsaf a kan dutse. Majalisa ta sanar cewa ajali ya riski Tasalla a bakin aiki, ba wanda kuma ya nemi ƙarin bayani. Kwamitin da aka kafa ya zauna kamar yadda aka alkawarta, ya gano cewa wadda ake bincike a kanta ba ta nan, ya tashi.

A rumfarta aka yi zaman makoki. Sarkin Kasuwa ya miƙe ya ce, "Jama'a, mun yi babban rashi. Bana kasuwar nan ta yi cinikin da ba ta taɓa yi ba, kuma kowa ya san daga wace rumfa aka fara. Marigayiya ba ta taɓa ce wa mai saye babu ba. Mun yi mata alkawari, kuma mu masu cika alkawari ne: rumfar nan tata ce har abada. Matasa su yi koyi." Hankaka ya share ido da fiffike. Inna Dudu tana can gefe, tun ranar ba ta iya sa komai a bakinta ba.

Da rana ta yi sanyi Damisa ta iso ta'aziyya, sarƙar a wuyanta, ta zauna mata daram ba sai an rage ba. Ta yi addu'a mai tsawo, ta yabi hannun marigayiya, ta ce irin wannan aiki ba za a bari ya mutu ba. Da ta tashi tafiya sai ta juyo ta tambayi Sarkin Kasuwa, cikin ladabi, ko marigayiyar ta bar ƙanwa.