Sanyin Ƙafar Nana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar ɗaurin auren ƙanwar mijina a Yakasai. Har gobe akwai wani dattijo a lungun surukaina da idan na hango shi zaune a dakali, sai in ja mayafi in rufe rabin fuska.

Ni dai Allah ya yi ni da tsoro a kan yara, kuma ba haka kawai ba. Ina ƙarama ƙanina Habu ya kwanta zazzaɓi. Ranar da zai rasu ni ce zaune wajen ƙafafunsa, na kama ɗaya na ji ta yi sanyi ƙalau, na ce, "Inna, Habu yana jin sanyi, a lulluɓe shi." Tun daga ranar, sanyin ƙafar yaro ya zame mini abin firgici. Da na haifi Nana kuwa sai abin ya ƙaru. Ko barci take sai na lallaɓa na taɓa tafin ƙafarta (Babanta ya sha cewa yarinyar da aka haifa a Kano, amma safarta ta fi rigunanta yawa).

Ranar bikin ana tsakiyar bazara, zafi kamar ya kashe mutum. Gida ya cika maƙil da mata, ni kuma an ɗora ni a kan rabon abinci, don haka na saki Nana, 'yar shekara biyu da ɗoriya, ta bi yara. Sai bayan Azahar na farga rabona da jin muryarta an jima. Na duba tsakar gida, na leƙa zaure, babu ita. A ɗakin Hajiya, surukata, na same ta kwance a tabarma, Hajiya kuma a gefe ta tayar da salla.

Na durƙusa, hannuna ya tafi ƙafarta da kansa, don ya san hanya. Sanyi! Na kama ɗayar, ita ma haka. Na damƙo hannayenta, sun fi ƙafar sanyi, yatsun sun yi fari sun yamutse. A wannan zafin da manya ke jiƙewa da gumi, me zai sa jikin yarinya ya yi haka? Na ce, "Nana." Shiru. Na ɗago ta, kanta ya langaɓe a kafaɗata. Wallahi a lokacin ɗakin ya juya mini, ba Nana nake gani ba, Habu nake gani.

Ban san sanda na kurma ihu ba. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a ku zo, Nana ta yi sanyi! Na shiga uku, Nana ta tafi!"

Hajiya, da ke tsakiyar salla, ta ɗaga murya ta ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi, tana bugun cinyarta da tafin hannu. Duk mai hankali ya san tana nufin in dakata ne. Ni kuwa na ɗauka ita ma ta gane an yi rashi, sai na ƙara wuta.

Kun san gidajen cikin birni, katanga ɗaya ake rabawa, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai yi maka addu'a. Kafin ka ce kwabo magana ta fita zaure ta bi lungu. Masu kiɗan ƙwarya suka tsayar da kiɗa. Amarya ta fito da gudu ba ɗankwali, hawaye yana wanke kwalliyar da aka wuni ana yi mata. Baban Nana, mutumin da ko gaisuwa ba ya iya yi a gaban taron mata don kunya, sai ga shi ya ratso su da takalmi ƙafa ɗaya, yana cewa, "Ina take? Ina take?" Na ƙanƙame ta, na hana kowa taɓa ta.

Hajiya ta sallame. Ko addu'a ba ta tsaya yi ba, ta juyo ta ce, "Ke! Miƙo mini jikata."

Ta karɓe ta, ta kama hannuna ta cusa shi cikin rigar yarinyar, a kan ƙirji. Ɗumi. Zuciya tana bugawa abinta, ciki yana hawa yana sauka.

"Yanzun nan na tsamo ta daga bahon ƙanƙarar da aka zuba lemo da zoɓo," in ji Hajiya. "Tsaye take a ciki tsamo-tsamo tana wasa da hannu bibbiyu. Na sauya mata riga, tana taɓa tabarma barci ya kwashe ta. Yarinyar da ta wuni tana tsalle, ko ganga aka buga mata a kunne tashi za ta yi?"

Sai a lokacin Nana ta buɗe ido. Ta kalli taron da ya cika ɗaki, ta kalle ni, ta ce, "Umma, ƙanƙala."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma abin bai ƙare ba, don ana cikin dariya da hamdala sai muka ji sallamar wani dattijo maƙwabci daga zaure, murya a raunane: "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce. An sa lokacin jana'iza?" Mai ceton tana kan cinyar kakarta tana tsotsar mangwaro. Haka Baban Nana ya bar baƙinsa ya bi lungu gida-gida yana ƙaryata labarin, amarya kuma aka koma da ita gaban mai kwalliya (har yau in ta ga hotunan bikinta da jajayen idanu sai ta harare ni).

Da yamma, da mutane suka ragu, Hajiya ta kira ni ɗaki. Na shirya shan faɗa, sai ta ce a hankali, "Innarki ta taɓa ba ni labarin ƙaninki. Ban ga laifin tsoronki ba, 'yar nan. Amma hannu da ƙafar yaro su ke fara yin sanyi ko lafiyarsa lau. Ƙirji ake taɓawa. Ranar da kika ji sanyin ƙafa ga zazzaɓi, ko yaro ya ƙi nono ya yi laushi, kada ki tsaya ihu, ki saɓa shi sai asibiti." A nan na yi kukan da ya fi na rana.

Ban daina taɓa ƙafar Nana ba, ƙarya ce in na ce na daina. Sai dai yanzu in na ji sanyi, ƙirji nake fara lalubawa, sannan in waiga in ga ko akwai baho a kusa, bakina kuma yana rufe har sai na gama. Dattijon nan kuwa duk dabarar mayafina sai ya gane ni, ya ɗaga murya yadda duk lungu zai ji: "Maman Nana, ya marigayiya? An sa ta a makaranta kuwa?"