Ranar da Na Tuƙa Jirgin Ruwa a Gindin Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya kawo mini injin jirgin ruwa gyara ba. E, jirgin ruwa, a Gumel, garin da ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan makarantarmu.

Ni bakanike ne. Janareto, babur, injin markaɗe, duk na sha kwance su in mayar. Amma tun da na auri 'yar Alhaji bai taɓa ba ni ko fitilar hannu in duba ba. Motarsa ta lalace a ƙofar shagona ma, sai ya sa a ja ta zuwa Kano. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne a Maigatari, bandar kifi yake sarowa daga wajen Haɗeja, har ya saya wa masuntansa kwalekwale mai inji. To rannan sai ga shi da injin a bayan akori-kura. Na zube na gaishe shi.

Ya ce, "Yaro, abin nan ya ishe su. Ana cikin tafiya sai ya kama kuka, ƙiii, ƙiii, can ya yi shiru don kansa. Giya kuma a sa gaba ta zame ta koma furi. Za ka iya, ko in wuce Kano?"

Na ce, "Baba, ai inji inji ne."

(Da a ce bakina ya tsaya nan ma, da da sauƙi. Sai da na ƙara da cewa jibi ya zo ya ɗauka.)

Muka ɗaure injin a jikin wani katako a gindin darbejiyar shagona, farfela tana reto a iska. Giyar ba ta ba ni wahala ba. Wani noti ne ya kwance a sandar da ke turata, na ɗaure, ta riƙa shiga ƙas-ƙas kamar sabuwa. Nan fa kaina ya kumbura.

Saura kukan. Na haɗa batir na tayar. Jama'a, ƙarar injin nan! Mai shayi ya bar tukunyarsa, masu faci suka taso, farfela tana ta ba su iska suna gyara tsayuwa. Can sai ƙiii, ƙiii. Na kashe, na goge fulogi, na sake tayarwa. Shiru. Ina shirin yin murmushi ya sake kamawa. Na kashe, na wanke kafireta. Shiru, sannan ƙiii. Duk abin da na taɓa sai ya yi kamar ya warke. Ban lura cewa hutun da nake ba shi ne yake sa shi hucewa ba.

Da na gaji, sai na bi waya har na gano ɗan abin da ke kukan. Na zare shi. Inji ya yi tsit da ƙorafi. Na share gumi na ce wa mai shayi, "Wayar banza ce kawai Turawa suka sa."

Ranar alkawari Alhaji ya zo, kuma ba shi kaɗai ba. Ya taho da aminansa na kasuwa, har da wani Alhaji daga Damagaram, wai su zo su ga aikin surukinsa. Na shimfiɗa musu tabarma. Na sa sabuwar riga (bakanike da farar shadda, ku ji fa). Na tayar, na sa gaba, na sa ribas, na mayar furi. Suka yi ta kabbara. Na ƙara wuta, babbar rigar baƙon Damagaram tana tashi sama.

Alhaji ya zagaya bayan injin, ya duƙa, ya leƙa. Ya ɗaga murya don in ji shi.

"Yaro, ni dai a can Haɗeja na ga yana fitsari ta nan. Wani siririn ruwa, tsiiir, ba ya tsayawa. Ina fitsarin?"

Wallahi ban san me yake nufi ba. Amma a gaban baƙi? Na gyara wuyan riga na ce, "Ai Baba, har fitsarin na gyara masa. Ya daina."

Ban rufe baki ba wari ya tashi, irin na tayar da aka ƙona. Hayaƙi ya biyo baya. Injin ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya mutu. Ƙarfe sai ƙas-ƙas yake yi don zafi.

A nan ne, ina tsugune ina kwance ƙafar injin, kaina ya buɗe. Ga wasu 'yan ramuka a ƙasa kusa da farfela, leda da ciyawa sun cushe a ciki. Ga wata roba mai fukafukai ta narke ta zama kamar ƙanzo. Ashe ta ramukan yake shan ruwan kogi ya sanyaya jikinsa, ya fitsarar ta baya. In leda ta toshe sai ya yi kuka, in ta matsa ya yi shiru. Ƙishirwa ce ciwonsa tun farko. Ni kuma na kawo shi tudu, na hana shi ko ɗigo, na toshe masa baki.

Na faɗa wa Alhaji gaskiya kaina a ƙasa. Ya kakkaɓe rigarsa suka shiga mota. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, ni da gyaran kayan gidan nan sai a lahira.

Washegari da hantsi sai ga 'yan ga-ruwa sun turo kura har ƙofar shagona, da wani ƙaton duro. Suka cika shi fal. Babbansu ya miƙo mini sabuwar robar a leda, yana danne dariya. "Alhaji ya ce a gaida Sarkin Ruwan Gumel. Wai a ba baƙon ruwa tukuna, sannan a tambaye shi labari."

Na tsoma ƙafar injin a duro, na mayar da wayar, na tayar. Da fitsarin nan ya fito, tsiiir, sai da na yi ƙwalla.

Sunan dai ya bi ni har masallaci. Na kuma koyi cewa in abu yana kuka, a nemi abin da ke damunsa kafin a nemi bakinsa. Ko da zan manta, maiɗakina ba za ta bari ba. Duk ranar da jaririnmu ya tsala ihu na miƙe, sai ta ce, "Sarkin Ruwa, don Allah ruwa za ka ba shi. Kar ka zare masa waya."