Jar Kujera da Rana Tsaka

Wani ne ya sayo wata jar kujera mai laushi, ya girke ta a ƙofar ɗaki. Surukinsa zai zo ƙarshen wata, kuma tsohon nan kullum cewa yake gidan ko wurin zaman kirki babu. Gogan naka ya rantse sai ya rufe masa baki.

Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Kai, kujera ta yi kyau! Amma rana za ta cinye jan nan tas."

"To ya zan yi?"

"Shigar da ita ɗaki mana."

"In shigar wa zai gani?"

Sai ya kama jan ta yana bin inuwa. Inuwa ta matsa, ya matsa. Aiki ma ya daina zuwa, ga shi nan ya zama direban kujera. Ana haka ƙafa ɗaya ta ɓalle, ya tokare ta da bulo.

Da bin inuwa ya gagara, mai hikima ya kwaso man shafawar matarsa ya lafta wa kujera. Ƙudaje suka yi ta godiya.

Ya zauna ya yi tunani mai zurfi, irin nasa. Can ya ƙwala wa matar kira.

"Zo ki zauna nan."

"In yi me?"

"Ki tare rana. Inda kika rufe ai ba za ta gani ba."

"Maigida, girkin fa?"

"Girki ba ya koɗewa. Buɗe hannuwa, ki rufe gefen nan!"

Haka baiwar Allah ta riƙa wuni a rana, hannuwa a baje kamar shanya, shi kuma yana daga inuwa yana gyara mata zama.

Ranar da tsoho ya iso, matar ta miƙe don ta gaishe shi. Sai ga kujera ta koɗe fes, in ban da siffar mutum ja wur a tsakiya, har da yatsu. Tsoho ya dubi kujera, ya dubi 'yarsa, ta ƙone ta rame sai idanu.

Ya ce, "Kai! 'Yar tawa ka mayar rumfa? Don wannan na ba ka ita?"

Gogan ya ɓata rai ya ce, "Baba, ni ya kamata in yi ƙorafi. Da yayarta mai ƙibar nan ka ba ni, da ko gefen kujerar nan rana ba ta taɓa ba!"