Ranar da Aka Yi wa Dutsen Kawu Kwalliya

Ranar Talata na dawo gida fari fat, daga hula har takalmi. Uwargida ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, maigidan ba ya nan." Sai da na yi magana ta gane ni. Ta tafa hannu ta ce, "Kai da ka tafi gaida Kawu, a ina ka faɗa buhun siminti?" Na ce mata ba siminti ba ne, ci gaba ne ya fallatso mini.

Bari in warware muku. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya yana aikin rakiyar baƙi a gandun dajin da ke bayan garinmu. Namun dajin sun yi ƙaranci, amma akwai abin da ke kawo mutane: wani ƙaton dutse mai rumfa, jikinsa cike da zane da jar ƙasa, aikin mutanen da suka rayu tun ba a san lissafin shekara ba. Akwai raƙuman dawa, akwai maharba da bakunansu, akwai tafin hannu manya da ƙanana. Kawu ya san kowanne kamar 'ya'yan cikinsa. Ko ƙuda ya sauka a kan zanen, da fiffiken hularsa yake korarsa don kada yatsa ya taɓa.

Watannin baya aka kira taron jin ra'ayin jama'a, wai za a gina wa masu yawon buɗe ido wuraren jin daɗi tare da kare kayan tarihi. Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Abubuwan da Ba a Taɓawa ya zo da ƙwararrensa, ƙwararren ya zo da majigi, majigin ya ƙi kamawa. Awa biyu muna kallon bango. Da aka ba Kawu dama ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu uku nake roƙo: shinge a gaban dutsen, banɗaki nesa da idon ruwa, da benci a inuwa don tsofaffi." Aka tafa masa, sakatare ya rubuta, aka ɗauki hoto.

Allah ya saka wa kwamitin nan da alheri, sun yi aiki. An gina ƙofar shiga mai tsayin bene biyu, ba katanga a hagu, ba katanga a dama, awaki na kewaye ta su wuce. An zuba filin ajiye motoci da zai ɗauki mota ɗari biyu, a wurin da ranar da aka cika ake samun mota shida. An kafa banɗaki daidai kan idon ruwan, saboda a nan ne ƙasa ta fi sauƙin haƙa. Shinge kuwa aka ce yana cikin kashi na biyu.

To, sai aka ji Babban Baƙo zai zo buɗe wurin ranar Alhamis. Ku da kanku kun san dokar manyanmu: idon babban mutum ba ya sauka a kan abin da ba a shafa wa farar ƙasa ba. Ɗan kwangila ya sauke mutum takwas da bokitai da buroshi, ya ce duk abin da ke tsaye a faranta shi. Suka bi gindin itatuwa, suka bi duwatsun gefen hanya, suka bi suri. Maƙwabcina Mai Faci, da muka tafi tare, ya rantse ya ga kunkurun da ya tsaya hutawa ya tashi da farin baya.

Muna isa gandun ranar Talatar nan muka ji ihun Kawu. Ashe ya ɗan raka wasu baƙi rafi, kafin ya dawo masu buroshi sun cinye rabin dutsen. Muka same shi ya manna bayansa da dutsen, ya ware hannuwa. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar, kuma wallahi zuciyata ta tafasa.

Shugaban masu shafen ya ce, "Baba, matsa mana, aiki aka sa mu."

Kawu ya ce, "Ɗana, sai dai ka shafe ni tare da su."

Na yi kukan kura zan ƙwace bokiti, bokitin ya riga ni yanke shawara. Asalin farin da uwargida ta gani ke nan.

Ina tsiyaya na buga wa sakataren kwamiti waya. Na ce, "Yallabai, mutanenku suna shafe zanen da kuka ce za ku kare!"

Ya ce, "Wane zane? Rahoton da ke gabana ya ce an ɓata dutsen da jagwalgwalo. Kana so Babban Baƙo ya gani?"

Na ce, "Yallabai, jagwalgwalon nan ya shekara dubbai."

Ya ce, "Ka ji ko! Shekara dubbai ba a gyara ba, mu mun zo gyarawa kuna ƙorafi. Ina cikin taro." Ƙit.

Garin neman gira aka rasa ido. Masu shafe ba su ture Kawu ba, a nan na yaba tarbiyyarsu. Kewaye shi suka yi da buroshi, a hankali, har tsakanin yatsunsa suna cewa, "Sannu Baba." Da ya matsa, dutsen ya koma fari tas, sai siffar mutum ɗaya a tsakiya, hannuwa a ware, da hula. A cikin siffar nan abin da ya tsira ya tsira: ɗan raƙumin dawa guda ba uwarsa, rabin baka, da tafin hannu ƙarami.

Ranar Alhamis Babban Baƙo ya iso da jiniya, tsuntsayen da suka rage suka yi ƙaura. Ya yanke ƙyalle, ya tsaya gaban dutsen, ya daɗe yana gyaɗa kai. Ƙwararre ya raɗa masa wani abu. Sai ya juyo ya ce, "Jama'a, ku dubi basirar kakanninmu! Ku dubi yadda suka zana mutum, har da hularsa!" Aka tafa kamar hannu zai tsage. Mai Faci ya ce mini, "To, Kawunka ya shiga tarihi da ransa." Ban yi dariya ba. Nan take Babban Baƙo ya ba da umarni a kewaye wurin kafin magariba, aka kuwa kewaye, da waya mai ƙaya da kwaɗo da allo mai cewa an haramta taɓawa.

Jiya da safe na raka Kawu wurin dutsen, yana riƙe da butar ruwa da tsumma mai laushi. Ya ce farar ƙasar ba ta gama kamawa ba, in aka bi a hankali ƙila uwar raƙumin ta fito. Sabon mai gadi, wanda aka kawo shekaranjiya, ya tare shi ya ce, "Baba, ba ka iya karatu ba ne? Kayan tarihi ne." Kawu ya ajiye butar, ya zauna a ƙasa wajen wayar, yana nuna wa wasu baƙi farin dutse da sandarsa. Na ji yana cewa, "A nan wuyanta yake. A nan take sunkuyowa tana lasar ɗan." Baƙin suka duba, suka duba, suka ɗauki hoton siffarsa suka wuce.

Ni dai shawara ɗaya zan ba ku. In kuna da tsohuwa a gida mai son zaman ƙofa, ranar da kuka ji babban mutum zai wuce, ku shigar da ita ɗaki ku ja labule.