Rasuwar Mbok Sumi, Mai Zuƙar Taba Ashirin a Rana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, Pak Wagiman Hadisusilo, mai kula da kayan aiki a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na wata jami'a a nan Jember, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa Mbok Sumi, injin zuƙar hayaƙin taba. Ta cika ranar Litinin da hantsi, da guntun kretek, tabar nan mai kanumfari, a bakinta, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, bayan doguwar jinyar da kowa ya ji da kunnensa amma aka yi ta kawar da kai.

Marigayiya ba 'yar gidan masu hali ba ce. Da hannunsa Pak Wagiman ya haɗa ta, da famfon tankin kifin surukinsa, da kwalba, da robar ƙarin ruwa. Aikinta ɗaya ne tak: a sa mata karan taba a baki, ta ja hayaƙin ya ratsa jan ruwan da ake ciyar da ƙwayoyin halitta da shi, sai a ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin maƙogwaron ɗan'adam da ake reno a faranti. Kara ashirin a rana, ba fashi sai Lahadi. Ba ta taɓa roƙon ashana a hannun baƙo ba, ba ta taɓa busa wa mai ciki hayaƙi a mota ba. Ina ma sauran mashayan garin nan suna da rabin tarbiyyarta!

Albarkacinta aka ga abin da ido bai isa ya gani ba. Da ruwan hayaƙin ya sauka, sai ƙwayoyin su firgita, su shiga aika wa juna saƙon neman agaji. Wasu su fito da sinadarin kariya, wasu su kumbura, waɗanda abin ya fi ƙarfinsu kuwa su naɗe kansu su mutu shiru don kada su shafa wa maƙwabta. Pak Wagiman ya kalli wannan a madubin awo mai ƙara girman abu ya fi sau dubu. Har yakan yafito ɗaliba ya ce, "Zo ki gani, 'yar nan, waɗannan kam sun gama yawo." Sannan ya juya ya yi tari a hannun rigarsa.

Kowane mai rai da rauninsa. Raunin marigayiya shi ne numfashinta bai kai ya kama wuta ba, sai an kunna mata. Shi kuwa Pak Wagiman, mutum mai zumunci, a bakinsa yake kunnawa kafin ya miƙa mata. Zuƙa ɗaya don wuta ta kama, ta biyu don a tabbatar, ta uku kuma ai kanumfarin ne ya yi ƙamshi. A gida, matarsa Bu Painem ta san ya bar taba tun ranar auren 'yarsu. Duk lokacin da ta shinshina rigarsa ta ɓata rai, sai ya ce, "Haba Bu, warin aiki ne." Kuma fisabilillahi bai yi ƙarya ba, aikin ne.

Waɗanda suka san ta a ƙuruciya ba za su manta muryarta ba: fuuu-tak, fuuu-tak, kanumfari yana ƙarar-ƙarar a tsakani. A bara muryar ta sauya. Ta koma hiii-gurr, hiii-gurr, tana ja tana hutawa. A daidai lokacin ne shi ma mai ita ya fara tsayawa sau biyu a kan matakalar bene. Daga bakin ƙofa ba ka rarrabe tarin wane ne a cikinsu. Shugabar ɗakin, Dokta Retno Palupi, ta samo masa takardar zuwa ɗaukar hoton ƙirji wata biyar da suka wuce. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya linke ta huɗu ya sa a aljihu, can take har yau. Tsoro yake ji, ba wani abu ba.

Bu Retno ce ta duba gawar. Ta sa reza ta tsaga robar da hayaƙi ke bi, a gabansa, a kan farar takarda. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, mai danƙo kamar kwaltar titi, ya toshe hanyar har allura ba ta wucewa.

"Ita fa sauran da kuka rage mata take sha, Pak," in ji ta. 

Pak Wagiman ya nemi kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon robar nan.

Marigayiya ta bar faranti goma sha biyu na ƙwayoyi, waɗanda tun ranar Litinin suke ta ƙiba, ba su nuna alamar juyayi ko kaɗan ba. Ta bar madubin awo, da firiji mai yawan gunaguni, da ɗalibai tara da suka sami digiri a kan huhunta ba wanda ya sa sunanta a shafin godiya. Ta kuma bar kwali uku na kretek da Bu Retno ta kulle a durowa ta tafi da makulli gida, sai Bu Painem, wadda jiya ne ta ji cikakken tarihin marigayiya, kuma har yanzu ba ta yi wa mijinta magana ba, illa ta goge masa rigar fita.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana, a bayan ɗakin bincike, gindin mangwaro. Akwai shayi da soyayyen rogo. Saɓanin yadda aka saba a zaman makoki a nan garin, ba za a jera wa baƙi taba a cikin kofi ba, wanda kuma ya zo da tasa ya bar ta a bakin ƙofa. Da safiyar ranar Pak Wagiman zai je asibiti tare da mai ɗakinsa. In likita ya sallame shi da wuri, shi zai ɗauki gawar da hannunsa. In kuwa biyu ta yi bai dawo ba, ya ce a rufe ta kawai, kada a jira shi.